Hanyar da Ba Ta da Tudu

Shekara 19 na yi a bayan sitiyarin tirela ina zagaya ƙasashen Turai. Babbar hanyar nan da ta ratsa Ostiriya, ta bi ta kusa da Linz ta nufi Biyena, ban san sau nawa na bi ta ba. Na san kowace mahutar direbobi da ke kanta, na san gangarar da ake rage giya, na san inda iska ke dukan bodin mota har ka ji sitiyari na neman ƙwacewa. Amma da wani zai tare ni a wancan lokacin ya ce in faɗa masa launin ruwan kogin Danub, da sai dai in yi zuru. Kogi a wurina gada ce kurum. Ƙarar taya ta sauya na 'yan daƙiƙoƙi, ta koma yadda take, an wuce ke nan.

Dokar Tarayyar Turai ta ce kada direban babbar mota ya wuce awa 4 da rabi yana tuƙi bai huta minti 45 ba, kuma a galibin ranaku awa 9 ne iyakarsa. Akwai na'ura a gaban mota mai rubuta duk wannan, ba ta jin uzuri. Da ita nake auna kwanakina. Gida kuwa sai ƙarshen mako, wani lokacin ma sai bayan mako biyu. A haka ɗana na fari ya girma. Na bar shi yana rarrafe, na dawo yana tafiya. Na bar shi yana tambayata sunan kowane abu, na dawo ya daina tambaya. Ban lura da ranar da ya daina ba, kuma wannan ne abin da ya fi cin raina har yau.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata safiya a wani ɗakin ajiyar kaya, ina tsaye a bayan motata ina duba takardu, sai ƙaramar motar nan mai ɗaga kaya ta yo baya ta matse mini gwiwar hagu da ƙarfen bodi. Aiki biyu aka yi mini. Da aka gama, likita ya zaunar da ni ya ce ƙafar za ta taka, amma maganar dogon tuƙi da hawa da sauka daga kan tirela in cire ta daga raina. Shekarata 47 a lokacin. Na koma gida na lafe a kujera ɗaya kusa da taga, wata da watanni. Mutumin da ya saba kullum ƙasa na gudu a ƙarƙashinsa, yau ga shi tsakanin bango huɗu. Na zama mai saurin fushi. Maiɗakina ta yi haƙuri da ni, Allah ya saka mata. Yaron kuwa, mai shekara 16, da na shigo ɗaki sai ya sami dalilin fita.

Matar da ke koya mini motsa ƙafar a asibiti ita ta fara kawo zancen keke. Ta ce gudu da tsalle dukan gwiwa suke yi, amma a kan keke sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, gwiwa juyawa kawai take, kuma juyawar nan ita ke sassauta gaɓa ta dawo wa naman cinya da ƙarfinsa. Sharaɗinta biyu. A ɗaga sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa gwiwa za ta kusa miƙewa amma ba ta miƙe sarai ba. Sannan kada in yarda da giya mai nauyi, gara in juya ƙafa sau da yawa a sauƙaƙe da in danna sau kaɗan da ƙarfi.

Na sayi keke na hannu. Sai dai inda muke zaune duk tudu ne da gangara. Uwarsa ta matsa wa yaron ya riƙa raka ni, shi kuwa a kan keke babu wanda ke kama shi a cikin abokansa. Mu fita tare, da an zo hawa sai ya miƙe tsaye a kan feda ya ɓace, ni kuma in sauka in tura, gwiwa na suka kamar an kafa ƙusa. In na iso saman tudun sai in tarar ya jingina da kekensa yana latsa waya. Ba ya cewa uffan, ni ma haka. Ina isowa zai hau ya ci gaba, shi ya huta, ni ko numfashi ban mayar ba. Fita huɗu muka yi a haka na ce na bari.

Bayan kamar mako uku, da daddare, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, akwai wata hanya da ba ta da tudu."

Na ce masa ni da na ƙare ƙuruciyata a kan titi ban taɓa ganin irinta ba.

"Akwai, Baba. Ai ruwa ba ya hawa tudu. In muka bi kogi ta inda yake gangarawa, mu ma ba za mu hau ba."

Ya shimfiɗa mini taswira a kan cinya. Danub ya taso ne daga dajin da Jamusawa ke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji, ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,850, ya ratsa ko ya taɓa ƙasashe 10, kafin ya zube a Bahar Aswad. A duk Turai Volga ne kaɗai ya fi shi tsawo. Hanyar keken da ke gefensa wani yanki ce na babbar hanyar da ake kira EuroVelo 6, wadda ta taso daga gaɓar Tekun Atalantika a Faransa ta dire a Romaniya. Yaron ya sa yatsa a Passau, kan iyakar Jamus da Ostiriya, ya ja shi zuwa Biyena. Kilomita 320 da 'yan kai. A duk wannan tsawon, saukar da kogin ya yi ba ta kai mita 150 ba. Na yi lissafin a kaina irin na direba, na ga ko rabin mita bai cika ba a kowace kilomita. Kwalba ma ka kwantar a irin wannan hanya ba za ta mirgina ba. Na ɗaga kai na dube shi. Rabon da mu haɗa ido haka an daɗe.

A watan Yuli muka sa kekunanmu a jirgin ƙasa zuwa Passau, kowa da jaka biyu rataye a gefen kariya. Mun zuba kaya masu nauyi a ƙasan jakunkunan, muka daidaita hagu da dama, domin keke ma kamar tirela ne, in lodi ya karkata sai kai ya riƙa ja gefe guda.

A Passau koguna uku suka haɗu, kuma a nan na fara ganin abin da shekara 19 ban gani ba. Inn ya sauko daga tsaunukan Alps, ruwansa kore-kore ne mai haske kamar an zuba masa madara. Danub ya fi shi duhu. Ilz ƙarami ne, ruwansa baƙi. Sukan yi tafiya mai ɗan nisa kafaɗa da kafaɗa kowa da launinsa kafin su cakuɗe. A jikin bangon majalisar garin, dab da ruwa, an ja layuka an rubuta shekarun da ambaliya ta kai wurin. Layin 2013 sai da na ɗaga kai sosai kafin na hango shi. A watan Yuni na shekarar ruwa ya kai mita 12.89, kuma sai an koma 1501 ake samun wanda ya fi shi. Na tsaya ina kallo, na fahimci cewa ƙasar da za mu bi ta kogin ce, aro yake ba mutane.

Asalin hanyar kanta ta dawaki ce. Kafin a sami injin tururi, jirgin ruwa kan gangara da kansa, amma in zai dawo sai an ɗaura masa igiya, dawaki su ja shi ta bakin gaɓa. Turbar da kofatonsu suka daka ita aka zuba wa kwalta daga baya. Shi ya sa take manne da ruwa, kuma ba ta hawa ko'ina, tunda dokin da ke jan jirgi ba zai iya barin bakin kogi ba.

Ranar farko tsakanin duwatsu masu daji muka bi. Muka wuce madatsar Jochenstein, muka shiga Ostiriya babu wanda ya tambaye mu takarda, muka kai Schlögen inda dutse ya tare wa kogin gaba har ya yi kwana ya koma kamar zai nufi inda ya fito. A nan hanyar gefen arewa ta ƙare, sai da ƙaramin jirgin fito ya ɗauke mu da kekunanmu. Da safe yaron ya yi halinsa, ya yi gaba ya ɓace. Amma wannan karon bai yi nisa ba. A kan tudu, mai ƙarfi kan ninka gudun marar ƙarfi, domin nauyin jiki ake fama da shi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa iska ce ke tare mutum, kuma in ka ninka gudunka turjiyar iskar sau huɗu take ninkuwa. Sai ya zama ya zuba duk ƙarfinsa, ribar da ya samu 'yar kaɗan ce, ya waiwaya ya hango ni ina tafe. Kafin la'asar ya gaji da tseren da babu abokin yi. Ya rage gudu, tayarsa ta zo daidai da tawa. Babu mota, hanya ta ishi mutum biyu. Ba mu yi wata hira ba ranar. Ƙarar sarƙarsa kawai nake ji a gefena, kuma ta ishe ni.

Bayan Aschach duwatsun suka ja da baya, sama ta buɗe, muka faɗa fadamar Eferding. Masu yawon buɗe ido ba su cika zancen irin wannan wuri ba, sun fi son inda akwai tsauni da tsohuwar fada. Ni kuwa nan zuciyata ta fara kwanciya. Gonakin kayan lambu ne layi-layi har iyakar ganinka, ƙasa baƙa mai laushi, wadda kogin ya kwashe shekaru aru-aru yana kwantar da ita duk lokacin da ya cika ya tumbatsa. Ruwan da ke cinye amfanin gona shi ne ya kawo ƙasar da ake noman a kai. Kana tafe a kilomita 15 cikin awa, ka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa inda ake ban ruwa, ka ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin rafi bai ko damu da kai ba, manomi a kan tarakta ya ɗaga maka hannu. A kilomita 80 cikin awa duk wannan kore ne kawai a gefen gilashi.

A Ottensheim muka hau wani jirgin fito da har yanzu nake ba mutane labarinsa. Ƙarfin ruwa ne ke tafiyar da shi. An ja wata igiyar ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan, can sama da ruwa, aka rataya jirgin a jikinta da wata igiyar mai ƙaramar taya da ke gudu a kai. Mai fito sai ya karkatar da jirgin kaɗan, ruwa ya bugi gefensa, tunda igiya ta hana shi gangarawa sai ya zame a hankali ya nufi ɗaya gaɓar. Shiru kake ji sai motsin ruwa a ƙarƙashin ƙafarka. Yaron ya leƙa, ya leƙa, sannan ya juyo.

"Baba, yaya yake tafiya ba inji?"

Tambaya ce irin wadda ya daina yi mini tun yana ƙarami. Na karkata tafin hannuna na nuna masa yadda ruwan ke turawa. Na ja bayanin ya yi tsawo da gangan.

Linz mun ratsa ta ba mu daɗe ba. Gaba kaɗan akwai Mauthausen, kuma a nan ne tudu ɗaya tilo da muka hau da niyya a duk tafiyar. A samansa sansanin da 'yan Nazi, mutanen Hitler, suka kafa a 1938 yake, kusa da mahaƙar dutse inda aka riƙa aikatar da fursunoni har su mutu. A wannan sansani da rassansa mutum aƙalla 90,000 suka rasa rayukansu kafin sojojin Amurka su iso a watan Mayun 1945. Na ce ba zai yiwu mu wuce ta gindin wurin kamar ba mu san da shi ba. Hawan yana da tsayi, ban yi nisa ba na sauka na fara turawa. Na sunkuyar da kai ina jiran in ga bayansa ya ɓace kamar da. Sai na ji takun ƙafa. Ya sauka shi ma, yana tura nasa a gefena. Haka muka kai sama, muka zagaya, muka sauko, babu mai magana.

Daga nan sai fadamar Machland. Bayan ambaliyar watan Agustan 2002 an gina doguwar jinga a wannan yanki, aka kuma kwashe gidaje da dama daga bakin ruwa aka mai da mutanen tudu. Kana tafe sai ka ga fili da itatuwan marmari a jere kamar sun kewaye wani abu, tsakiya kuwa ciyawa ce. Gida ne a da.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka shimfiɗaɗɗiyar hanya hutu ce. Inda babu hawa babu gangara, kuma gangara ita ce hutun mai keke. A nan in ka daina juya feda, tsayawa za ka yi. Zama ɗaya ne tun safe har yamma, a rana ta uku mazaunai suka fara raɗaɗi, 'yan yatsuna biyu na ƙarshe suka yi sanyi kamar ba nawa ba saboda danne jijiyar tafin hannu a kan keke. Maganin da muka koya shi ne ka miƙe tsaye a kan feda duk bayan ɗan lokaci ko ba ka gaji ba, ka riƙa sauya inda ka riƙe, ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. Gwiwar da na fi tsoro kuwa ita ce ba ta ce komai ba. Kullum da safe takan ɗan ƙage, in na yi minti 10 ina juyawa sai ta saki.

Wachau, tsakanin Melk da Krems, shi ne wurin da ke kan kowane hoton talla, kuma ya cancanta. Babban ginin masu ibada na Melk mai launin rawaya a kan dutse, gonakin inabi hawa-hawa, kangon fadar Dürnstein inda aka tsare Sarkin Ingila Richard a 1192. UNESCO ta sa kwarin a jerin kayan tarihin duniya a 2000. Nan ne kuma ɗaya daga wurare biyu kacal a Ostiriya da kogin ke gudu abinsa ba madatsa ta riƙe shi. Amma jama'a sun yi yawa, sai ƙararrawa kake ta bugawa, dole muka koma layi ɗaya. Na ƙosa mu fita fili.

Mun fita kuwa, filin Tullnerfeld, kuma a nan muka gamu da ranar da ta fi kowace wuya. Yawanci a wannan kwari iska daga yamma take busowa, shi ya sa mutane ke bin hanyar daga yamma zuwa gabas, ta riƙa tura su ta baya. Ranar nan ta juya. Tun hantsi take dukan fuskarmu, kuma a kan jinga babu itace babu gini da zai kare ka. Tudu ko yaya yake kana hango ƙarshensa, iska kuwa ba ka san inda za ta tsaya ba. Na sauko giya, na sake saukowa, har na ga ina juya ƙafa kamar mai hawan dutse alhali hanya a miƙe take kamar tabarma. Jakunkunan gefe suka zama kamar tanti suna kama iska. Gwiwa ta fara magana. Na ce a raina yau dai sai jirgin ƙasa.

Sai yaron ya wuce gabana ya tsaya daidai saitina.

"Baba, matso da tayarka kusa da tawa. Kada ka kalli taya, kalli kafaɗata."

Na san wannan dabarar, duk direban tirela ya san yadda mota ke sauƙi in tana bayan wata. Ban dai taɓa zaton ranar da zan fake a bayan ɗana ba. Na matsa har tsakaninmu bai fi kamu biyu ba, nan take na ji kamar an sauke mini rabin kayana. Rigarsa na kaɗawa, ya duƙa, yana yanka mana iska. Duk ɗan lokaci ya waiwayo, "Lafiya, Baba?" in ce, "Lafiya lau, ci gaba." Muka wuce ta gindin tashar nukiliya ta Zwentendorf, ƙaton gini da aka kammala amma bai taɓa ba da wuta ba, domin a ƙuri'ar raba gardama ta watan Nuwamban 1978 masu cewa a'a sun rinjaya da ƙyar, kashi 50.5 cikin ɗari. Ban iya tsayawa kallonsa ba, idona na kan kafaɗar yaron.

Dab da Tulln tayarsa ta baya ta sace. Ya sauka yana huci, ya ce tib ɗin da ya ajiye na ko-ta-kwana ya manta shi a gida. Na ce kawo. Muka kifa keken a kan ciyawa, na cire tayar, na zare tib, na ba shi iska kaɗan na bi da shi kusa da leɓena har na ji inda iska ke fita, huda ƙarama kamar ta allura. Na goge wurin da 'yar takarda mai kaushi har baƙin ya dushe, na shafa sholisho siriri, faɗinsa ya ɗan fi facin. Ya miƙo hannu zai manna, na riƙe shi.

"Dakata tukuna. Sai ya daina sheƙi. In ka manna da ɗanyensa, kafin gobe ya ɗago."

Muka zauna muna jira. Da ya bushe na ɗora facin na danne da babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe. Sannan na ce ya bi cikin tayar da yatsunsa a hankali, domin abin da ya huda yana nan bai tafi ba. Ya bi, ya bi, sai ga ɗan tsinin ƙaya da bai kai ƙwayar gero ba. Ya ɗaga shi yana kallo.

"A ina ka koyi wannan, Baba?"

Na ce tun kafin in san sitiyari na san faci. Ya ce gobe in ta sake hudewa shi zai yi, ni in duba.

A Biyena tafiyar ta kamata ta ƙare. Mun shiga ta tsibirin Donauinsel, mai tsawon kilomita 21, wanda mutane suka gina tsakanin 1972 da 1988 lokacin da aka haƙa wa kogin hanya ta biyu don ta ɗauke ruwan ambaliya daga birnin. Da daddare yaron ya ce Bratislava, babban birnin Silobakiya, ba ta fi tafiyar yini guda ba. Na taɓa gwiwata na ce mu je.

Wannan yinin ne ya fi zama a raina. Gabas da Biyena hanyar na bin saman tsohuwar jingar da ta kare filin Marchfeld tun ƙarshen ƙarni na 19, miƙaƙƙiya sambal, kilomita bayan kilomita babu kwana. Hagu da dama dajin fadama ne, itatuwa tsaye cikin ruwa, tsofaffin rassan kogi sun kwanta shiru, sauro kuwa in ka tsaya minti ɗaya sun gama da kai. An so a gina madatsa a nan, amma a watan Disamban 1984 dubban mutane suka shiga dajin kusa da Hainburg cikin tsananin sanyi suka ƙi fita har aka fasa, kuma a 1996 aka mai da wurin gandun daji na ƙasa. Da yawa sukan ce wannan yanki gundura gare shi, babu abin kallo. Gaskiya ne babu abin da ke ɗauke hankali, kuma ina jin shi ya sa magana ta samu fita. Muna jere, iska ta kwanta, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Baba, lokacin ina firamare akwai taswirar Turai a bangon ajinmu. Duk Litinin sai in tambayi Mama ina ka nufa, in je in nemo garin in sa yatsa."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

"In ka dawo barci kake yi. Mama takan ce kada a tashe ka."

Na yi tafiya mai nisa ban iya buɗe baki ba. Alhamdulillahi da hanyar ta kasance miƙaƙƙiya, domin ba na gani sosai. Daga baya na ce, "Ka yafe mini, ɗana." Ya ce, "Ba komai, Baba," ya kuma ce in duba hagu, ga barewa can a bakin ruwa.

A bakin Danub akwai alluna masu manyan lambobi da aka kafa don masu jiragen ruwa. Tun Passau muke ganinsu, lambar tana raguwa maimakon ta ƙaru, domin ƙirgen wannan kogi daga bakin teku ake fara shi, sifili yana Sulina a Romaniya. A Passau lambar ta haura 2,200. A Biyena ta sauko kusan 1,930. Da muka haye gada kusa da Hainburg, muka wuce iyakar da har 1989 waya da masu gadi suka rufe ta, muka isa Bratislava, ta dawo wajen 1,870. Yaron ya jingina kekensa a jikin ƙarfen bakin ruwa ya ɗauki hoton allon.

Yanzu aikin tsara wa direbobi hanya nake yi a ofis, da keke nake zuwa, ina tafiya ba sanda. Shi kuma ya tafi jami'a a wani gari. A watan Satumban 2024, da aka yi ruwan saman nan da ya sa aka ayyana dukkan jihar da ke kewaye da Biyena yankin bala'i, wayata ta yi ƙara da daddare.

"Baba, ka ga labarai? Wajen Tulln duk ruwa ya shanye. Kusa da inda muka yi faci."

Na ce na gani, Allah ya kawo musu sauƙi. Muka yi shiru kaɗan. Sannan ya ce ya duba, daga Bratislava zuwa Budapest ta bakin ruwa kilomita 200 ne da 'yan kai, galibinsa fili ne har sai an kusa Esztergom, kuma in ya sami hutu yana so mu ɗora daga allon da muka tsaya. Na ce ya riƙe tib biyu wannan karon. Bayan ya kashe wayar na tashi na ɗauko 'yar akwatin faci, na buɗe sholishon na tarar ya bushe, na rubuta a takarda in sayo sabo da safe.